Wutsiyar Ragon Gwaggo

Nassarawa GRA, Kano
20 ga Zulƙida

Zuwa ga ƙanena Lawan,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Raliya da yara. Direbana Sule ya kawo mini takardarka har shafi uku. Na karanta ɗaya, sauran biyun Mairo mai girki ta naɗe daddawa da su.

Wato kai ne yau za ka koya mini kiwo. Na fara da tunkiya guda a zauren Gwaggo Hasiya a Gama, lokacin kana yawo da wando a yage. Da wannan tunkiyar na kai ka jami'a, ka dawo ana ce maka Dakta, ga shi ragunan gidanka na Hotoro kamar an rataya fata a kan kujera.

E, garin kifi nake zuba wa nawa a dusa, kuma ba zan daina ba. Wata biyu kawai, ragon da zan kai wa Gwaggo ya cika ƙofa. Shekara ashirin da biyu wutsiyar ragona take ajiyewa, dangi su taru su ci ranar cika-ciki. Bana ma haka za a yi. Ka zo da cikinka, ka bar takardunka a gida.

Ka gaida mutanen gida.
Yayanka, Alhaji Shu'aibu

Hotoro, Kano
23 ga Zulƙida

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara girma. Ban ce ragonka ba zai yi ƙiba ba, zai yi. Maganata a kan irin kitsen ce. Abin da dabba ta ci don gina jiki yana barin alama a kitsenta. Harawa da kowar wake da ɗan ƙuli-ƙuli suna ba da kitse mai ƙarfi, wanda ke jure ajiya. Garin kifi, musamman mai maiƙo irin naka, wani ɓangare na mansa yana wuce tumbi ya zauna a jiki. Kitsen sai ya yi laushi, ya ɗauki ƙarni, ya kuma lalace da wuri. Wutsiyar nan wata guda za ta yi a rataye. Ka janye garin kifin ko na makonnin nan ne, ko da yake an makara.

Na gode da karatun da ka ba ni. Shi nake ƙoƙarin mayar maka.

Ƙanenka, Lawan

Nassarawa GRA, Kano
11 ga Muharram

Dakta mai shafi uku,

Bayan gaisuwa. Ina fatan ka tashi lafiya, don yadda na ga kana loma jiya a gidan Gwaggo, na ji tsoron sai an ɗauke ka a baro.

Ina ƙarnin? Na tambaye ka a gaban kowa ka sunkuyar da kai kana wasa da cokali. Romon nan ko gishiri bai nema ba. Gwaggo ma da na ce ta faɗa maka ragon wa ya fi, cewa ta yi, “Shu'aibu, ci abincinka,” don kada ta kunyata ka gaban matarka. Ɗana Haidar sau uku ya ƙara.

Kada ka kawo mini zancen suyar Sallah. Gaskiya ne ta ɗan yi wani bugu a hanci, kitsen ma ya ƙi daskarewa, amma Mairo ce ta yi aikin a kaskon da ta soya kifi. Ta rantse ba haka ba ne, na sallame ta ta koma Ringim.

Ku 'yan boko kun iya sunan komai, amma ko akuya ba ku iya ɗaurewa. In kana son koyo, ƙofata a buɗe take. Ka zo da safe, ka fara da share garke.

Yayanka, Alhaji Shu'aibu

Hotoro, Kano
12 ga Muharram

Yaya,

Assalamu alaikum. Na yi wa Gwaggo alkawarin yin shiru, kuma da na cika shi, ba don zancen Mairo ba.

Kwana goma sha biyu bayan Sallah Gwaggo ta kira ni. Wutsiyar ragonka ta yi ta ɗigar da mai a bango, ɗakin ya ɗauki wari har ta daina sallah a ciki. Da hannuna na binne ta a bayan gida. Ta ce, “Lawan, kawo taka, yayanka ba zai iya jin wannan a gaban 'ya'yansa ba.” Wadda ka yaba a takardarka ta jiya, ta ɗaya daga cikin ragunana ce, fatun nan da ka ce an rataya a kan kujera.

Babu wanda ya sani sai mu uku. Kaskon Mairo ba shi da laifi.

Ƙanenka, Lawan

Nassarawa GRA, Kano
15 ga Muharram

Lawan,

Bayan gaisuwa. Da na sake tunani, romon ya yi salam, kuma wutsiyar ƙarama ce.

Sule ya tafi Ringim ɗauko Mairo. A hanyarsa ta dawowa zai sauke maka buhu shida na garin kifi, ka ba kajin Raliya. Ka ba shi sauran shafi biyun nan, ka sake rubuta su da manyan baƙi. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya a kai.

Yayanka