Rabin Gonar da Ke Bakin Hanya

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma har yanzu kina tashi da wuri kamar yadda na koya miki. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke yi mini gardama.

Mutanen cibiyarku ta binciken noma sun zo tun farkon damina, kamar yadda kika ce. Sun raba gonata biyu da turaku da igiya. A rabin ciki suka shuka sabon irin masarar da kuka ce ƙuduji, muguwar ciyawar nan mai tsotse saiwar amfani, ba ya cinta, a rabin bakin hanya kuma tsohon irina. Suka kafa allo mai sunan cibiya. Wani dogo a cikinsu ya ce, "Mama, noma kawai za ki yi. Kada ki ƙara komai, kada ki taɓa ƙudujin." Ya faɗi haka ne ƙafarsa ɗaya a cikin mota.

Sabon irin ya tashi kore shar. Na bakin hanya kuwa ya tsumbure, ganye ya yi rawaya, ƙuduji ya fara fure a ciki kamar da gangan aka shuka shi. Maƙwabciyarmu matar Tela ta tsaya a kan hanya ta ɗaga murya: "Sannu, uwar masana! Furen nan na sayarwa ne, ko shi ne sabon abincin da gwamnati ta ƙirƙiro mana?" Duk wanda ke wurin ya yi dariya.

Ban yi wahalar karatunki don a yi wa gonata dariya ba. Na kwashe takin awakina kaf, na ɗauki mata biyu, muka bi kunya-kunya muna tumɓuke ƙudujin. Masarar ta farfaɗo. Yanzu in kika tsaya a hanya, da kyar za ki bambance wannan rabin da wancan. Ki gaya wa dogon nan na fitar da ku kunya, kuma ya koyi tsayawa in zai yi wa babba magana.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki

Mama,

Ina gaishe ki da ladabi, ina kuma yi miki sannu da gwiwa. Mama, da na karanta wasiƙarki sai da na nemi wuri na zauna.

Rabin bakin hanyar nan, lalacewarsa ita ce aikinsa. An bar shi ne don a ga abin da ƙuduji ke yi wa tsohon iri, a kwatanta da sabo. In babu bambanci, babu hujja. Kwamitin ma'aikatar gona zai zo kafin girbi, kuma gonarki aka zaɓa a nuna musu saboda mota na isa har bakinta. Da abin da suka gani za su yanke ko gwamnati za ta ci gaba da ɗaukar nauyin binciken. In suka tsayar, irin nan zai ƙare a ɗakin ajiyarmu, ba zai kai ga ƙananan manoma ba.

Akwai mafita. Gonar Direba da ke jikin gonarki tsohon iri ce, kuma tunda ba ya zama, ƙuduji ya cinye ta. Dogon ya ce mu matsar da allon da turakun can kafin su zo. Ai ba ƙarya ba ce sosai, Mama, haka gonarki za ta zama da ba ki taɓa ba. Ke dai ki yi shiru ranar. Don Allah.

'Yarki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Shawararki ce ban amsa ba.

"Ba ƙarya ba ce sosai." A gidan wa kika koyi wannan magana? Ni makaranta iya sakandare na tsaya, amma ko a can an koya mana cewa in ka zubar da ruwan gwajinka, ba ka ɗauko na maƙwabcinka ka rubuta sunanka a jiki. Gonar Direba ba a nome ta ba ko sau ɗaya a bana. Ciyawa ta kai ƙugu. Za ku nuna ta ku ce ƙuduji kaɗai ya yi wannan ɓarna? Gobe manomi ya shuka irinku yana jiran abin da ba zai samu ba, sai ya ce gwamnati ta yaudare shi, alhali 'yata ce.

Na yi kuskure, na gane yanzu da kika yi mini bayani. Ku ma ku ɗauki naku kason. An ce mini kada in taɓa, ba a ce mini don me ba. Wanda ke son manomi ya zuba wa amfaninsa ido yana mutuwa, ya sauko daga mota ya zauna ya faɗa masa dalili.

Allon yana nan inda aka kafa shi. Duk wanda ya zo matsar da shi zai same ni a gindinsa. Ranar da kwamiti zai zo zan yi magana da bakina, kuma ke za ki tsaya kusa da ni, ba a bayan mota ba. Irinku mai kyau ne, na gani da idona. Abu mai kyau ba ya bukatar a yi masa ado da ƙarya. Ki daina tsoro.

Mahaifiyarki

Mama,

Ina gaisuwa. Ranar nan ban samu na yi miki sallama yadda ya kamata ba, shugaban sashenmu ya tusa mu a mota.

Lokacin da kika ce wa kwamitin, "Ni na ɓata gwajin nan, ku saurara in faɗa muku yadda aka yi," na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma kin lura matar nan mai tabarau, shugabarsu, ta daina duba agogo? Ta tambaye ki me kika zuba a rabin ciki, kika ce ko tsinke. Ta tambayi na bakin hanya, kika nuna mata tafin hannunki da garken awakin da kika share. Matar Tela ma ta sa baki ba a tambaye ta ba, ta ce wallahi da farko rabin nan abin tausayi ne.

Ga yadda aka ƙare. An cire gonarki daga sakamakon bana, ba za a ƙidaya ta ba. Ni an ba ni takardar gargaɗi saboda ban sa ido ba, dogon ma haka. Amma sun je sauran gonakin da ke nesa da titi a ƙafa, sun gani, sun amince a ci gaba da binciken baɗi, da sharaɗin mu zauna da kowane manomi kafin shuka.

Saura abu ɗaya. Suna so a maimaita gwajin a gonarki. Ma'ana rabin bakin hanya zai sake lalacewa a gaban kowa, tun daga fure har girbi, ba za ki taɓa ba. Na ce zan tambaye ki. In kin ƙi, ba zan ga laifinki ba.

'Yarki,
Auta

Auta,

Gaisuwa da sa albarka. Takardar gargaɗin ki adana ta, da gaskiya kika same ta.

Ku kawo turakunku. Rabin bakin hanya naku ne, ya lalace yadda ya ga dama. Zan sa kujera a bakin gonar, duk wanda ya tsaya yin dariya ba zai wuce ba sai ya ji dalili daga farko har ƙarshe. Matar Tela ta riga ta ce a sa gonarta ita ma. Na ce mata ta yi tunani tukuna, don baɗi mu biyu za a yi wa dariya.

Mahaifiyarki