Sunayen da Ban Ƙarasa Rubutawa Ba

Karantina, Jidda
Watan Safar

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya haskaka makwancinka, ni ce Rabi. Na san takardar nan ba za ta taɓa zuwa hannunka ba, ba kuma wanda zai zauna a gefen tabarmarka ya karanta maka ita. Amma maganar ta yi mini nauyi a ƙirji, kuma a gidan nan ba wanda zan iya sauke wa ita sai kai.

Shekara huɗu ke nan da tafiyarka. Unguwa tana nan yadda ka bar ta, ruwan kwata a lungunmu bai ƙafe ba. Abokan dakonka na tashar jiragen ruwa saura kaɗan, yawancinsu baya ya ƙi. Inna tana nan, sai dai idonta ya rage sosai. Ni da maigidana Usmanu lafiya lau.

Baba, an sako Habu. Na faɗa maka haka alhali ba ka ma san an kama shi ba.

Ka san dukkanmu a ƙarƙashin iƙamarka, takardar izinin zamanka, muke zaune. Da ka rasu, ta faɗi da mu gaba ɗaya. Kafilinka, Balaraben da ya tsaya maka, ya ce da kai ya yi alkawari, ba da 'ya'yanka ba, halas, magana ta ƙare. Ni aure ya rufa mini asiri, na koma kan takardar Usmanu. Inna ta daina leƙa ko bakin titi. Habu kuwa namiji ne mai shekara ashirin da huɗu, dole ya fita nema. Wata bakwai bayan rasuwarka, da hantsi, 'yan sanda suka tare shi a kasuwar kifi da kwando a kafaɗa. Ya yi musu magana da Larabcin Jidda tsantsa, ya ce a garin nan aka yanke masa cibiya. Suka ce takarda suke tambaya, ba cibiya ba. Ya yi sati shida a tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, sannan aka sa shi a jirgi zuwa Nijeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba sai a bakinka.

Da ya sauka ya kira ni sau ɗaya, ya ce zai nemi garinku. Daga nan shiru, har wata tara. Sai wata rana wani mutum ya buga wayar Usmanu, ya ce shi tela ne, yanzu ya fito daga gidan yari, kuma ɗaki ɗaya suka zauna da wani mai suna Habu wanda ya haddace masa wannan lamba. Ashe bai ma kai garinku ba. An yi fashi a kusa da wata tasha, aka zo aka kwashe duk baƙon fuska. Ka san Hausar Habu, rabi Larabci ce. Suka tambaye shi unguwarsu, bai sani ba. Sunan mai unguwa, bai sani ba. Sunayen kakanninsa na wajen uba, ya faɗi ɗaya ya tsaya. Aka rubuta shi cikin masu jiran shari'a, aka rufe ƙofa.

A nan ne laifina yake, Baba, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ka tuna ranar da ka kira ni kana kwance, ka ce in kawo biro in rubuta sunayen danginka da unguwar da aka haife ka? Na zauna ina rubutawa raina a ɓace, don na bar tukunya a wuta. Kana faɗa kana hutawa, kana sako labarin kowa, wane ya yi kaza, wance ta auri wane. Na rubuta suna uku, na ce maka yalla, ya isa haka, sai gobe mu ƙarasa. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka juya fuskarka bango. Goben nan da ta zo, harshenka ya riga ya yi nauyi. A raina cewa nake, me za mu yi da sunayen mutanen da ba su taɓa aiko mana ko gaisuwa ba? Ashe kai ka hango abin da ban hango ba. Da na bar tukunyar nan ta ƙone, da ƙanena ya kwana gidan yari?

Kai ne kake ce mana hukuma uwar kowa ce, ɗan da ya yi kuka za ta waiwaya. Na riƙe maganarka. Na rubuta wa gwamnatin jiharku, na ba wani ɗan kasuwa ya kai. Amsar da ya kawo ita ce, tun bayan barowarka an raba jihar, garinku ya faɗa wata. Na sake rubutawa can. Suka ce sai an kawo shaidar cewa shi ɗan asalin jihar ne. Shaidar ba ta fita sai mai unguwa ya sa hannu. Mai unguwa ba ya sa hannu sai ya san gidanku. Ni kuwa suna uku gare ni a bayan takardar magani.

Da aikin hajji ya ƙare, na ji jami'an jihar suna masaukin alhazai suna jiran jirgin komawa. Na je da wasiƙata. Na tsaya tun safe har la'asar. Da babbansu ya fito, ya ga baƙar abaya da takarda a hannu, sai ya sa hannu a aljihu. Na ce masa ba bara na zo ba, ɗan jiharsu ne a rufe ba shari'a. Na ji na bayansa yana cewa a rabu da ni, 'yar takari ce, ba sa rasa labari. Ya karɓi takardar ya miƙa wa wani, wanin ya ɗora ta a kan akwati. Baba, a nan an ce mu ba 'yan nan ba ne. Na ɗauka mutanen gida za su ce mu nasu ne. To, mu 'yan ina ne?

Na koma gefen famfo ina kuka. Wata ma'aikaciyar jinya da ta rako alhazai, Hajiya Binta, ta zo cika gora ta gan ni. Da na ba ta labari, ta ɗauko takardar daga kan akwatin, ta karanta a tsaye har ƙarshe. Ta ce ƙanwarta lauya ce a ma'aikatar shari'a ta jihar, ba ta yi mini alkawari ba, amma za ta kai.

Ta kai kuwa. Lauyar ta yi wata huɗu tana bin sawu. Ba fayil, ba mai ƙara, ba ko takardar tuhuma. Ta sa sunansa cikin waɗanda babban alƙalin jiha zai duba ranar da ya ziyarci gidan yari. An ce bai yi masa tambaya uku ba ya ce a sallame shi. Shekara biyu da wata biyar, Baba, aka warware su kafin shayi ya huce. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri.

Na yi godiya, har yanzu ina yi. Amma abin yana cina. Ashe ikon yana nan tun farko, doka tana nan, masu aikin suna nan. Me ya sa sai da wata baiwar Allah ta ji ƙishirwa kafin hukuma ta ga ƙanena? Habu ya ce ya baro wani tsoho a ɗakinsu, wanda har ya manta laifin da aka ce ya yi. Shi wa zai tsaya masa a bakin famfo?

Yanzu yana gidan telan nan, yana koyon ɗinki. Lauyar tana ƙoƙarin samo masa takarda, har yau ba ta fito ba. Ya fito da tari mai zurfi, ana ba shi magani. Da muka yi waya na fara masa Larabci kamar da, ya ce in bari, ya daina. Hausarsa ta nuna, Baba, irin wadda kake ta fama ya yi. A kurkuku ya koya.

Saura abu ɗaya. Inna ba ta san komai ba. Duk tsawon lokacin nan ce mata nake yana tsaron shagon yadi a can Nijeriya, garin ne ba waya. Ta yarda, ko ta nuna ta yarda. Sau biyu tana ba ni dabino da darduma in aika masa, suna nan a ƙarƙashin gadona. Ranar Juma'a zai kira, zan ɗora mata wayar a kunne. Idonta ya tafi, amma kunnenta garau yake. Tari ɗaya zai yi ta gane. Na yanke shawara zan faɗa mata da bakina kafin wayar ta yi ƙara, ko da ba za ta sake kallon inda nake ba.

Ka yafe mini, Baba. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta a ƙasar da ba a tambayar takarda.

'Yarka mai laifi,
Rabi