Tambayoyin da Aka Sassauta wa Baba

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aiki? Jikin Baba da sauƙi, hannun daman da ya shanye ne dai har yanzu bai dawo ba. Abin da ke ci min rai shi ne kalmomi. Mutumin da ya tsufa yana koyar da Turanci, jiya ya nemi sunan cokali ya rasa, sai ya juya fuska bango. Likita ya ce a riƙa motsa masa ƙwaƙwalwa. Tunda aikinki ke nan, tsara tambayoyin kalmomi ga waɗanda suka yi nisa a Turanci, ki aiko masa da wasu. Amma don Allah ki sassauta. Idan ya faɗi, ina tsoron ba zai ƙara buɗe baki ba.

Ki huta lafiya,
Yayarki

Baba,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ga tambayoyi goma na tsara wa ɗalibanmu na babban aji. Ka taimaka ka gwada min su kafin in miƙa wa shugaban sashe, don ba idon da na yarda da shi kamar naka.

Allah ya ƙara girma,
'Yarka

Uwata,

Na amsa gaisuwa, Allah ya yi albarka. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, sai ka ce kaza ta bi ta kan takardar.

Na cinye duka goman, kuma raina ya ɓaci. Kin kawo kalmar da ke nufin taurin kai, sannan kika jera min ayaba da taga da laima a matsayin zaɓi. Wane ɗan babban aji ne zai ɗauki ayaba? Tun kina ƙarama kina zaune gefen teburina kina cinye min murfin biro nake gaya miki: amsar ƙarya dole ta yi kama da gaskiya. Kusa da taurin kai, naci ake sawa, da jajircewa, yadda sai wanda ya san kalmar ciki da bai zai tsallake. Kin san wannan sarai, don haka na gane ba ɗalibai kika rubuta wa ba. Ke da Yayarki kun haɗa baki.

Na san tausayi ne. Amma wanda aka ba tambayar da ba a faɗuwa, an riga an fitar da rai da shi. Wannan ya fi rasa sunan cokali ciwo.

Mahaifinki

Baba,

Ina gaisuwa, kuma na tuba. Ga na gaskiyar, waɗanda abokan aikina ma sai da suka yi ta tauna biro a kansu. Ban taɓa ko ɗaya ba. Tsoron da Yaya ke ji ni ma ina jin sa.

A gafarce ni,
'Yarka

Uwata,

Gaisuwa mai yawa. Na faɗi huɗu. Ta bakwai ta kayar da ni warwas, wannan tarkon ko ni a zamanina sai haka. Na sa Yayarki ta sauko min da babban ƙamus daga saman kabad, mun wuni muna musu har ta ce na cika ta da surutu.

Ki aiko da wasu. Kada ki sassauta.

Mahaifinki