Rariyar da Inna ta toshe

Daren Laraba, tsakiyar damina, Kebbe.

Ruwan jiya ya kwana a tsakar gidanmu, har ya shiga ɗakin Inna. Ashe ita ta toshe rariya da tsumma don kada 'yan tsakinta su fice. Na buɗe ta, muka kwashe ruwa, muka shanya katifa da gero.

Yaya Sani ya ce gobe a shafe bangon ɗakin Inna da siminti. Na ce, "Yaya, jiƙaƙƙen ginin ƙasa? Sai ya bushe tukun, in ba haka ba bisa Inna zai faɗo."

Ya tafi cikin fushi. Fushinsa dai ba ya riƙe bango. Na maido Inna ɗakina, ni kuwa zaure ya ishe ni.

Gobe raga zan sa wa rariyar nan. Ruwa shi wuce, 'yan tsakin Inna su zauna.