Jinin da Kuka Zuba a Rami

Tudun Wada, Jos,
14 ga Afrilu, 2003.

Zuwa ga Yaya Ɗanbala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da maijego Adama da jaririya. Allah ya raya mana ita. Ni lafiyar jiki ƙalau, ta zuciya ce babu.

Na san unguwarku Kwararafa ba nisa. Na zaɓi takarda ne don in na zo, bakina zai faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta.

Jiya na dawo daga Ibadan na tarar da kwanon soyayyen naman suna, da wani ƙaton rago ɗaure a ƙofata yana cinye shukar maƙwabta. Aka ce kai ka aiko, wai madadin nawa da kuka yanka ne, har ya fi shi ƙiba. Yaya, na taɓa ce maka ƙiba nake nema?

Ranar da yajin aiki ya rufe ɗakin dabbobinmu na jami'a, kai na kawo wa ajiyar ragona, don kai ne mai dabbobi a gidanmu. Na zaunar da kai na yi maka bayani kana ta gyaɗa kai, ashe hankalinka yana kara wajen cinikin shanu. To bari in maimaita.

A tsokar zuciya da jijiyoyi akwai wasu ƙananan ƙofofi. In lantarkin jiki ya taɓa su sai su buɗe, sinadarin kalsiyam ya shige, zuciya ta buga. A kansu nake bincike tun da ciwon zuciya ya ɗauke mana Baba. Ba a gane inda suke sai da ƙwayoyin garkuwar jiki da suka san su, su manne musu kamar shaidar da kake yi wa shanunka. Mun yi odar na Turai, ƙanƙara ta narke a hanya suka lalace. Shi ya sa na yi wata da watanni ina yi wa ragon allurar ɗan ɓurɓushin ƙofar, har jininsa ya koyi yin ƙwayoyin da kansa. Ɗan abin da na ɗiba na gwada ya yi kyau, har Farfesa Dalyop mai duba aikina, da dariya ke masa wuya, sai da ya murmusa. Saura kawai in dawo in ɗebi mai yawa.

Jinin nake so, Yaya, jinin kaɗai. Shi kuka haƙa wa rami kuka zuba, kuka rufe da ƙasa, sannan kuka aiko mini da cinya.

Wa'adin digirina ƙarshen shekara ne, kuma an riga an ƙara mini sau ɗaya. Ba za a sake ba. Ka aiko a kwance ragonka.

Ƙanwarka,
Zakiyya.

Tudun Wada, Jos,
22 ga Afrilu, 2003.

Yaya Ɗanbala,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali? Ina fatan cibiyar jaririya ta warke.

Adama ta zo da saƙonka, da ɗanyen jegonta, don ka san ba zan iya ɗaga mata murya ba. Wannan ma wayo ne. Ta ce ka ce tunda sunana aka sa wa yarinya, ka ga babu abin da ya fi dacewa irin a yanka mata ragona, don girmama ni. Ta ce kuma har yanzu kana mamakin fushina, wai ai rago rago ne.

Na yi kuka da na ji zancen takwara, ba zan ɓoye maka ba. Amma kukan bai wanke komai ba. Da wani mahauci ne ya ba ka ajiyar akuya, wallahi ko gashinta ba za ka tsinke ba sai ka tambaye shi. Nawa kuwa, tunda karatu ne, kuma na Zakiyya ne da ka goya tana yarinya, ba ka ga abin tambaya ba. Wannan ne ke ci mini rai, ya fi asarar zafi.

Farfesa ya ce in na fara yau, wataƙila in cim ma wa'adi, wataƙila a'a. Na fara. Ragon da ka aiko ba za ka gan shi ba, jiya ya sha allurar farko. Yana Kabong, gidan Linus abokin aikina. Shi ba ɗan'uwana ba ne, don haka ba zai girmama ni da wuƙa ba.

A shafa mini kan takwara. In ta girma ta ba ka ajiya, Yaya, ka tambaye ta.

Ƙanwarka har yanzu,
Zakiyya.