Na Auna Inji Kamar Gona, Yanzu Murfin Motar Baba Ya Ƙi Rufuwa

Assalamu alaikum Goggo Tasalla. Don Allah ki taimake ni da shawara cikin gaggawa, domin murna da fargaba sun haɗu sun hana ni cin tuwo, har uwargida ta fara zargin miyarta.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Bebeji, masara da dawa nake yi. Amma tun ina ƙarami abu ɗaya ya tafi da zuciyata, wato motar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. 'Yar Amurka ce, ja jawur, mai ƙofa biyu da dogon hanci, ya saye ta a hannun wani Bature zamanin gyaɗa. Tun daga lokacin, duk amaryar da aka yi a danginmu a cikinta ake kai ta ɗakin miji. Mu biyu Baba ya bari, ni da Yaya Lubabatu da ke aure a Doguwa. Ranar rabon gado ita ta hana a yi wa motar kuɗi, ta ce a bar ta a hannuna ta zama tamu gaba ɗaya, tunda ni ne mai haukarta.

To Goggo, injin ya tsufa. Bara mun ɗauko amarya, muna tsakiyar dajin Falgore ta yi tari ta mutu a kan hawa. Dattawa da manyan riguna suka fito turi, amarya na kuka biyu, birai sun jeru a gefen titi suna kallonmu. Kunyar da na ji ran nan ba ta faɗuwa. A wurin na yi alkawari sai na sa mata injin da zai sa a daina yi mana dariya.

Ina sayar da masarar bana na wuce Ƙofar Ruwa a Kano. Nan na ga wani inji, ɗan Baljiyam mai fulogi takwas, namu kuwa shida ne. Mai shagon ya tayar da shi a ƙasa, wallahi sai da na ji ƙarar a cikin haƙarƙarina. Ban yi garaje ba fa, na zo da igiyata daga gida, na riga na auna gidan injin na ƙulla alama. Na gwada tsawo ya yi, na gwada faɗi ya yi, kamar yadda muke auna gona. Abin da ban tuna ba shi ne, ba wanda ya taɓa auna gona daga ƙasa zuwa sama.

Mujitaba, bakanikena na Kwanar Ɗangora, ya zura shi da sarƙa, ya zauna daram kamar don motar aka ƙera shi. Da ya murza makulli, Goggo, ina ma kina wurin! 'Yan acaɓa suka watsar da fasinja suka sheƙo, mai shayi ya zo da ludayi a hannu, wani direban tirela ya tsaya yana tambayar ko jirgi ne. Ni kuwa da furfurata na tsaya ina hawaye ina dariya. Sai da muka zo rufe murfin gaba muka ga ta'asa, kan injin ya ɗara wurin da kusan tafin hannu. Mun danna, mun hau kai mun zauna, ya ƙi.

Mujitaba ya ce abu mai sauƙi ne, a kira mai walda ya yanke tsakiyar murfin, kan injin ya leƙo waje. Ya nuna mini a waya yadda masu irin motar suke yi a ƙasarsu, kuma gaskiya abin ya yi kyau ƙwarai, tun ran nan nake mafarkinsa. Mai walda ni kaɗai yake jira.

Ga inda gizo ke saƙa. Hoton Baba ɗaya tak muke da shi, ya jingina da wannan murfin, Yaya tana ƙarama a zaune a kai. Duk zuwan da za ta yi gida, sai ta fara shafa murfin ta yi wa Baba addu'a kafin ta shiga gaisuwa. Kuma bayan Sallah za a aurar da 'yarta Bushira, har ta kira ta ce in wanke mota in gyara kujeru. Ba ta san an taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Wata zuciyar na ce mini in yanke kawai in ba ta mamaki, ranar biki in taso daga Tudun Wada in taka ta, Doguwa ta ji zuwanmu tun daga nesa. Wata kuma na ce mini in Yaya ta ga rami a wurin nan, ba za ta ƙara kallona da idon da ba. Ni dai ina son injin nan kamar raina. Ya zan yi?

Naki, Mai Haukar Mota, daga Bebeji.

Wa'alaikumussalam Mai Haukar Mota. Na yi dariyar igiyarka har jikokina suka leƙo, amma na taya ka murna. Mutumin da ya riƙe motar mahaifinsa shekara da shekaru bai sayar wa 'yan gwangwan ba, ya cancanci yabo. Son ka ga ta daina mutuwa da amare a daji ba laifi ba ne, kuma motar da ba ta tafiya ba ta da amfani ga kowa, har Yayarka.

Sai dai ka sallami mai waldan nan yau. Inji ana sawa ana cirewa, amma ƙarfen da wuta ta ci ba ya komawa yadda yake. Kuma rabin murfin nan ba naka ba ne.

Na tambayi ƙanena, wanda ya tsufa a gareji. Ya ce sau da yawa abin da ke tokare murfi gidan iska ne da ke saman inji, kuma akwai gajere da ake sauyawa. In hakan bai isa ba, a cire murfin Baba a jingine shi a ɗaki, a sa mai gyaran jikin mota ya buga maka wani, ka yanke wannan yadda ranka ke so. Tsohon injin ma kada ka yar, ka zuba masa mai ka lulluɓe.

Ya kuma yi tambayar da ban ga amsarta a wasiƙarka ba: ina birki? Ka ba tsohuwa ƙarfin matashi, amma birkinta da tayoyinta da lagireto da giyabos duk na zamanin gyaɗa ne. Hanyar Falgore kuwa shanu na tsallaka ta ba sallama. A gyara waɗannan tukuna, a sa lambar sabon inji a takardun mota. Sannan ba a fafe gora ranar tafiya. Ka loda mata buhunan dawa, ka yi ta hawa da gangara da ita har ka san halinta. Ranar biki kuma a tafi a hankali, 'yar mutane ce a ciki. In ba a gama a kan lokaci ba, a kai Bushira a wata motar, aure zai ɗauru.

Maganar ba da mamaki kuwa, cire ta daga ranka. Yayarka ba don ba ta son motar ta bar maka ita ba, don ta yarda da kai ne, kuma wannan yardar ta fi kowane inji wuyar samu. Zumunta a ƙafa take. Ka hau motar haya ka tafi Doguwa cikin makon nan, ka durƙusa ka gaishe ta, ka faɗa mata komai da bakinka, da irin wannan murnar da ka rubuto mini. Mai yiwuwa ta yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha. In ta ce a mayar da tsohon inji, ku zauna ku yi shawara kamar masu abu ɗaya. Amma ina kyautata zaton matar da ta ce kai ne mai haukarta, ta san wa ta bar wa.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanya alheri a auren Bushira, ya kai ku Doguwa lafiya ba tare da turi ba.

Taku, Goggo Tasalla.