Inuwa a Hanta

Ketaren Gwari, Minna
Yuli

Zuwa ga Esta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙata, tunda rabon mu da magana tun ranar da kika mayar mini da zobe kika tafi Faransa. Gideon, ƙanenki, shi ya ba ni adireshinki.

Har yanzu ina aikin hoton ciki a ɗan asibitin nan. Gideon ya ce kina haɗa wasu ƙwayoyi da ke sa hoto ya fito fes. Akwai wani majinyaci da nake ganin inuwa a hantarsa, na juya na'ura ta kowane gefe, na kasa gane ko ƙari ne kawai ko ciwon daji. In da hali, ki aiko mini ko kaɗan ne.

Ki huta lafiya.
Jiya

*

Faransa
Agusta

Jiya,

Na amsa gaisuwa, ina kuma gaida Mama.

Gideon ya cika baki. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Ɓawonsu wata irin roba ce mai narkewa a jiki, cikinsu kuma ruwa. Fatanmu a yi allurarsu a jijiya, su bi jini su taru a inda daji yake, wurin ya yi haske a hoto. Amma ɓeraye kawai muka gwada wa, kuma hasken bai kai yadda muke so ba. Ko an dace, sai an yi shekaru kafin a sa wa ɗan'adam. Akwai wasu masu kama da kumfa da ake amfani da su a manyan asibitoci, sai dai tsohuwar na'urarku ba za ta karanta su ba.

Ka tura shi Abuja a yi masa babban hoto, kada ka jira. Ka kuma faɗa mini ko wane ne. Na san ka, manoman Gwada da Paiko nawa ka duba, ba ka taɓa neman alfarma saboda ɗayansu ba.

Sai na ji daga gare ka.
Esta

*

Minna
Oktoba

Esta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa.

Ni ne. Wata rana da babu mutane na shafa man ɗaukar hoton a cikina, na ɗora na'urar da hannuna, don na daɗe ina jin nauyi a gefen dama.

Na je Abuja. Likitan ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Malam Jiya, aikinka ne, kai ma ka gani." Na ce na gani. Ya ce ya wuce aikin tiyata.

Kada ki damu da maganar ƙwayoyin. Yanzu ko na'urarmu tana nuna shi sarai. Ina zuwa aiki in na samu ƙarfi. Shekaranjiya wata mata daga Paiko ta ga ɗan cikinta yana motsi, ta yi ta dariya, ni ma na taya ta. Mama tana dafa mini sassaƙe, ina sha don hankalinta ya kwanta. Ban faɗa mata ba tukuna.

Allah ya ba ki sa'a a aikinki.
Jiya

*

Faransa
Oktoba

Jiya,

Ina gaisuwa. Tun da na karanta wasiƙarka ban iya shiga ɗakin gwaji ba. Dama an sanar da mu cewa za a rufe binciken a ƙarshen shekara, masu ɗaukar nauyinsa sun janye. Ban san me zan riƙo maka ba, amma zan zo. Shugabannina sun ce in kammala rahoto tukuna, zan taso a Disamba. Ka faɗa wa Mama, kada ka bari ta ji a bakin wani.

Ka jira ni.
Esta

*

Minna
Nuwamba

Esta,

Na gode, ina gaishe ki. Gideon ne ke rubuta mini wannan, hannuna ya ƙi. Na faɗa wa Mama, ta daina dafa sassaƙen.

Disamba ya yi nisa. In za su bar ki, ki taso yanzu.

Ki huta lafiya.
Jiya